Kakin da Tanti Ladidi Ta Ɗinka

A Adjamé Liberté, a layin da ke bayan masu facin taya, akwai shagon ɗinki guda da ba a ajiye katalog a cikinsa. Wanda ya san Abijan ya san wannan baƙon abu ne. Kowane tela yana da nasa, littafin hotuna mai kauri wanda gefunansa suka yi baƙi don taɓawa. Mace ta zauna a benci tana buɗawa har ta ga ɗinkin da ya yi mata, ta ɗora yatsa ta ce wannan. A shagon Tanti Ladidi sai dai ki faɗa da baki. In kin kasa, ta miƙo miki alli ki zana a kan tebur.

Gidanmu ɗaya da ita, irin gidajen haya na nan, ɗakuna goma sha biyu suna kallon famfo ɗaya. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka tura ni karatu Zariya, ban dawo da zama ba sai watan Oktoba na 2011, bayan an daina harbi. Kaɗan daga abin da zan faɗa na gani da idona. Sauran daga bakinta na ji, ba a zama ɗaya ba, tana magana ƙafarta tana kan keken ɗinki.

A Treichville aka haife ta. Mahaifinta falken goro ne da ya zo daga wajen Katsina bai koma ba. Ta bar boko a aji shida, aka kai ta koyon ɗinki wurin wani tela ɗan Senegal, mutum marar fara'a wanda in ya ga zare ɗaya ya karkace sai ya farke rigar duka ya ajiye mata. Shekara bakwai ta yi a hannunsa. Ta fito da halinsa: ba ta barin kaya su bar shagonta in akwai abin da idonta bai yarda da shi ba, ko da mai kayan ta ce haka ma ya yi.

A 1991 ta auri Sadi, suka dawo Adjamé, suka haifi 'ya ɗaya, Jidda. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, Baban Jidda take cewa. Direban woro-woro ne, ƙananan tasin nan da ake haɗuwa a shiga, yana jigila tsakanin Liberté da Williamsville. Siriri ne, mai dogon wuya, kuma babu muryar da ba ya kwaikwaya. In ya dawo da yamma ya zauna a bakin famfo yana wanke ƙafa, sai ka ji limamin unguwa yana ciniki da mai kifi, duk daga bakinsa. Matan gida su yi ta dariya suna cewa, Allah ya shirye ka Sadi.

Da ƙasa ta rabu biyu a watan Satumba na 2002, aka sa dokar hana fita, aka cika tituna da baraj. Taya biyu, katako mai ƙusoshi, da mutum riƙe da bindiga yana cewa takardunka. Mai suna irin namu ya fi kowa daɗewa a tsaye. Ana duba katinsa, a duba fuskarsa, a tambaye shi garin kakansa, ko da a asibitin bayan layi aka yanke masa cibiya. Sadi yana wuce baraj sama da ashirin a rana. Abin da ya samu a ciki shi ne sababbin muryoyi.

A lokacin akwai wani dattijo a Treichville, Malam Nomau, tsohon akawu da ya yi ritaya, yana da gida mai faffaɗan tsakar gida. Ya ga mutane suna shiga ɗaki tun rana ba ta faɗi ba suna sauraron rediyo har hawan jini ya kama su, sai ya tara wasu 'yan unguwa suka fara wasan kwaikwayo ran Lahadi da ƙarfe uku, a tashi kafin biyar kowa ya kai gida. Ba a rubuta komai. Nomau ya ba da labarin a ƙarƙashin mangwaro, kowa ya yi nasa da harshen da ya zo masa, Faransanci, Julanci, Hausa. Doka ɗaya ce: ba a mutuwa a wasansa, kuma da biki ake gamawa. Akwai na saurayin da dokar hana fita ta rutsa da shi a gidan surukinsa. Akwai na masoya biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, da suke aika wasiƙa a cikin huhun goro, wani tsoho ya saya ya ɗauka shi ake so.

Wanda ya fi cika gida shi ne na Kaporal Kalla, kuma Sadi ne Kalla. Soja ne a baraj da yake son wata mai tallan acheke, abincin rogon nan, amma bai san yadda ake faɗa ba, sai kullum ya tare ta ya ce, Madam, takardunki. Bai iya karatu ba, a juye yake riƙe katin. Ita kuma ta gane shi tun ranar farko, sai ta riƙa ƙaro masa: yau katin rigakafi, gobe rasiɗin wuta, jibi takardar asibitin kakarta. A ƙarshe ta ajiye tasa a tsakiyar hanya, ta riƙe ƙugu ta ce, Kaporal, yau ni ce baraj, ina takardunka? Ya laluba aljihu babu komai sai ƙullin goron neman aure da ya yi wata uku yana yawo da shi. Wata mai kitso 'yar ƙabilar Bawule, Akissi, ita ke fitowa a mai acheken.

Na ga wasan sau ɗaya, da na zo hutu a 2003. Mutane a kan benci, a kan katanga, a kan reshen mangwaro. Waɗanda aka tsayar a rana da safen ranar, su ne ke dariya har da hawaye da Kalla ya juya kati. Na tuna wata mata ta kwaɗa wa Tanti Ladidi kira daga baya.

"Ladidi, kina zaune za a ɗaura wa mijinki aure!"

"Bar shi," in ji ta. "Ni na ɗinka kayan amaryar, na san ba za ta iya numfashi a ciki ba."

Da farko da kakin wani maigadi Sadi yake fitowa, wando ya ɗage, riga ta yi masa yawa. Mutane suna son haka. Ladidi ce ba ta so. Mijin tela a gaban jama'a da kaya kamar an rataya a ƙusa, wannan zagi ne a gare ta. Sai ta fara karatu. Duk barajin da aka sauke su, ana bincikar jakarta, ita tana bincikar rigar mai binciken: inda aljihu ya zauna, yadda murfinsa ya ɓoye maɓalli, layin zare biyu a kafaɗa. Ta samo yadi mai dabbare-dabbare a wurin 'yan gwanjo, ta yi sati biyu a kansa.

Ranar da Sadi ya sa shi ya shiga gidan Nomau, masu wasa suka miƙe tsaye, ɗaya har ya kai hannu aljihu zai ciro kati. Nomau bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani jan ƙyalle, ragowar labule.

"Ladidi 'yata, aiki ya yi kyau, ya ma wuce kyau. Ki cire hannun riga ɗaya ki sa wannan. Ki sa manyan maɓallai irin na rigar yara. Wanda ya hango daga nesa ya san wasa ne."

"Baba, in na sa jan hannu, wa za a ce ya ɗinka?"

"Za a ce mai hankali."

"Za a ce Ladidi yadi ya ƙare mata."

Ta karɓi ƙyallen don ganin girman dattijon, ta ninke ta jefa a aljihun tebur. Wani kafinta ya sassaƙa bindigar katako, aka shafe ta da baƙin man takalmi. A jaka ake kai kayan Treichville, a ƙarƙashin atamfofi, a jaka ake dawo da su. Sannan ta yi abin da take yi wa duk ɗinkin da ta ji daɗinsa: ta ja Sadi wurin mai hoto, ya tsaya da kaki da bindiga, ya ɗaure fuska irin ta Kalla. Ta saka hoton a katalog, tsakanin wata doguwar riga da kayan wata amarya. Akissi ma ta sa aka ɗauke su ranar wani wasa, a wurin bikin ƙarshe, ita da gwaggwaro, Kalla yana ɗauke da tasar acheke a ka, bindigar a hannun wata tsohuwa tana tuƙa tuwo da ita. Wannan hoton Akissi ta riƙe.

Shekara huɗu ana wasan. Da abubuwa suka lafa mutane suka koma kallon talabijin, Nomau ya rasu a 2008, magada suka gina ɗakunan haya a tsakar gidan. Kakin ya koma ƙasan akwati.

Bayan zaɓen ƙarshen 2010 barajoji suka dawo, amma wannan karon ba ka san na wa ba ne. Wasu da kaki, wasu da singileti da layu, wasu fuska a rufe. Cikin watan Maris labari ya zaga Liberté cewa ana shiga gida gida, duk inda aka ga takalmin soja ko kaki, an tafi da mai ɗakin. Ladidi ba ta yi gardama ba wannan karon. Da hantsi ta fito da kakin, ta sa almakashi ta bi ɗinkinta layi layi, ta zuba a murhun gawayi. Bindigar kuma, da ma itace ya yi wuya, ta faskara ta dafa shinkafa da ita. Sadi yana ci yana cewa, "Yau dai bindigar nan ta kashe wani abu. Ta kashe yunwa."

Ba ta tuna da hoton ba. Ta ce mini shekara takwas tana buɗe littafin nan a gaban mutane, idonta ya daina ganin abin da ke ciki.

Kwana biyar bayan nan, wajen ƙarfe tara na safe, mutum shida suka shigo gidan. Na tambaye ta na wane ɓangare ne. Ta ce, "Ka je Zariya ka yi karatu don ka yi mini wannan tambayar? Masu bindiga ne." Suka zazzage ɗakuna ba su sami komai ba. Har sun juya, ɗaya ya leƙa shagon da ke ƙofar gida, ya zauna a bencin mata yana buɗe katalog, yana kallon 'yan mata yana nuna wa abokinsa. Sai ya daina dariya.

Aka fito da Sadi tsakar gida, aka ɗora hoton kusa da fuskarsa.

"Wasa ne, shef," in ji Sadi da Faransanci, shef wato shugaba. "Wasan kwaikwayo. Ni direba ne, ga motata a waje. Bindigar katako ce."

"Kawo ta mu gani."

Sadi ya dubi Ladidi.

"Na ƙona," in ji ta.

"Kakin fa?"

"Shi ma. Ni na ɗinka shi, ga kekena nan."

Mutumin ya kai hoton kusa da ido, ya dubi aljihun, ya dubi kafaɗar, ya dubi rigar da ke jikinsa shi kansa. "Tela ba ya ɗinka wannan, Madam. Wannan daga siton sojoji ya fito. In na wasa ne me ya sa kuka ƙona?"

Matan gida suka yi ta rantsuwa. Ba a saurare su ba, don duk sunansu iri ɗaya ne da nasa. A motarsa aka tafi da shi, shi ke tuƙi. Da zai fita ya ce wa Jidda ta kwashe masa takalmansa daga rana.

Kafin azahar an gano inda aka kai shi, wani garejin gyaran motoci da aka daina aiki a cikinsa, ta wajen Williamsville. Ladidi ta je, aka kore ta daga ƙofa, aka ce ta kawo shaida. Shaida ɗaya ta rage a duniya, tana Treichville a hannun Akissi, kuma babu mota mai zuwa can.

Washegari da sassafe ta kama hanya a ƙasa. Tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ta cinye mata yini. A kowane baraj, Madam, takardunki. A wani aka zaunar da ita awa biyu a kan kwalta don mahaifinta ba a nan aka haife shi ba. Ta ƙetare gadar shiga Treichville da la'asar, ƙafafunta sun kumbura. Shekara uku rabonta da Akissi. Ta same ta a ƙofar ɗaki tana tsefe wa wata kai, Akissi ta ɗago ta ce, "Uwar ɗakina, wa ya mutu?" Da ta ji, ta bar kan a rabi, ta ciro hoton daga bayan madubi.

"Ba ke kaɗai za ki koma ba. Hoto ba ya magana."

"Unguwarmu ba ta yi miki ba yanzu."

"Ke tawa ta yi miki ne da kika zo?"

Da gari ya waye suka taso tare, suka tsara yadda za su yi. In sun hango baraj, su rage tafiya su saurari harshen da ake yi a wurin. In irin na su Akissi ne, ita ta shige gaba ta ce wannan telata ce. In Julanci ne, harshen 'yan arewa, Ladidi ta yi sallama ta ce wannan mai kitsona ce. Sau biyu suka yi kuskure, sau ɗaya aka mari Akissi. Haka suka isa garejin wajen ƙarfe biyu.

Shugaban wurin ba ya cikin waɗanda suka je gidan. Mutum ne mai jiki, yana zaune a kujerar mota da aka ciro aka ajiye a inuwa. Ya karɓi hoton da yatsa biyu. Ya duba, ya duba, sai fuskarsa ta washe.

"Kaporal Kalla! Kai! Gidan tsohon nan mai mangwaro! Sau uku na kalla, a kan katanga nake zama." Ya dubi Akissi. "Ke ce mai acheke! Kin yi ƙiba. Ku zo, ku zo ku ga mai acheke!"

Mutanensa suka taru. Ladidi ta ce a lokacin ta ji ƙafafunta sun daina ciwo. Ta fara gode wa Allah a ranta.

"Faɗi abin nan," in ji shi. "Na ƙarshen nan. Riƙe ƙugu."

Akissi ta dubi Ladidi. Ladidi ta gyaɗa kai. Akissi ta riƙe ƙugu a tsakiyar gareji, kuncinta a kumbure, ta ce, "Kaporal, yau ni ce baraj. Ina takardunka?"

Ya yi dariya har ya buga cinya. Ya ba yaransa labarin katin rigakafi, da na goro, ya kwaikwayi yadda Kalla yake juya kati, bai iya ba. Ladidi ta jira ya gama, ta durƙusa.

"Shef, to a fito mini da shi."

"Da wa?"

"Kalla. Shekaranjiya aka kawo shi nan. Siriri, mai dogon wuya."

Ya juya ya tambayi wani. Suka yi magana ƙasa ƙasa. Ya dawo da fuskarsa, har yanzu da sauran dariya a ciki.

"Ayya. Shi ne wannan? Ban gane shi ba, babu hula. Jiya da rana aka kwashe su."

"Zuwa ina?"

Ya buɗe tafin hannu. "Ba ni ke tuƙa motar ba, Madam. Da jiya da safe kuka zo." Ya sake kallon hoton, ya sa a aljihun gaba, ya rufe murfin. "Wannan na riƙe, don tunawa. Mun sha dariya a lokacin nan."

Ta ce mini tana durƙushe ta lura maɓallin aljihun nasa a waje yake, ɗinkin kuma ya karkace.

Bayan an daina faɗa ta zaga duk inda aka ce ana ajiye mutane, da inda ake ajiye gawa. Ko'ina sai a ce ta kawo hotonsa. Ba ta da shi. Na katalog sun tafi da shi, na Akissi yana aljihun shef, katin shaidarsa yana jikinsa. Motar an gan ta cikin watan Mayu a bakin wani kwalbati, babu taya babu kujeru. Liman ya yi mata magana sau biyu a kan takaba, ta ce ta ji, ba ta fara ba. Katalog ɗin ba ta ƙona shi ba, ta ba wata tela a layin gaba, da hotunan shekara ashirin a ciki.

Akissi tana zuwa wani lokaci ran Lahadi. Ba sa maganar wasa. Ta tsefe wa Jidda kai, su ci abinci, ta tafi kafin biyar kamar har yanzu da dokar hana fita.

Rannan ina shagon, wata yarinya ta zo da leshi tana ta kwatanta hannun riga da yatsu, Tanti Ladidi ta buɗe aljihun tebur neman alli. Na hango jan ƙyalle a ninke a can ciki. Ta ga na gani. Bayan yarinyar ta tafi, ta zauna ta zura zare a allura, sau ɗaya ya shiga.

"Kullum sai na sake ɗinka kakin nan a kaina," in ji ta. "Daga wuya har ƙafar wando. Ina neman wuri ɗaya da na yi kuskure, wanda da sun duba da kyau za su ce, a'a, wannan aikin tela ne."

Na ce, "Kin samu, Tanti?"

Ta saukar da ƙafar keke a kan leshin, ta daidaita bakinsa da yatsa.

"Babu," in ji ta. "Ko ɗaya."